Alifin da Na Haɗiye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sunana Ummukulthum, a gida Ummu ake ce min, a nan Alƙahira kuma ƙawayena sun mayar da ni Ustaza saboda jakata ba ta rabuwa da littafi. Ban taɓa rubuta labari ba sai yau, kuma nawa ne na kaina, don haka in kun ga ina zagaye-zagaye ku yi min uzuri. Abin da zan ba ku shi ne yadda harafi ɗaya tak ya kusa kashe ni da kunya ranar Asabar ɗin da ta wuce, a gaban yayana da ɗaki cike da maza.

Mu 'yan jiharmu da ke karatu a Masar muna da ƙungiya, kuma waɗanda suka kafa ta tun da daɗewa sun tsara ta tamkar jiha. Shugabanmu Gwamna ake ce masa. Muna da majalisa mai mutum goma sha ɗaya, kowace unguwa da wakilinta, har da Kakaki mai gudumar katako wadda kowa ya san asalinta ta dakan tafarnuwa ce. Kundin dokokinmu da Larabci aka rubuta shi, shafi goma sha huɗu, a cikinsa kuma sunan Gwamna shi ne Waali. Kar ku yi dariya tukuna, kujerar ba ta wasa ba ce. Gwamna ne ke tarbo sababbin ɗalibai a filin jirgi, shi ke nema musu shaƙƙa, wato gidan haya, shi ke bin takardun iƙama, wato izinin zama a ƙasar, in wani ya kwanta rashin lafiya shi ake fara bugawa.

Gwamnanmu Muhammadu ya kammala digirinsa na biyu, mahaifinsa ya ce ya dawo gida, ya tafi ya bar wata bakwai a wa'adinsa. Ba mu da mataimaki, don da alama masu rubuta kundin sun manta da shi. Abin da suka rubuta a doka ta tara shi ne, in kujera ta zama babu kowa ba a zaɓen gama-gari, majalisa ce ke cike gurbin. Kuma ba wanda zai shiga takara sai ɗan majalisa ɗaya ya miƙe ya tsayar da shi da bakinsa, da Larabci, wani kuma ya mara baya. Kowane wakili mutum ɗaya yake da damar tsayarwa.

Ni ce wakiliyar 'yan matan Hayyul Ashir. Sun zaɓe ni ne don an gano ni kaɗai na taɓa karanta kundin daga farko har ƙarshe. Shekara ɗaya da rabi ina zama a majalisar nan, ban taɓa furta komai ba ban da “na'am” in an kira sunana. Ni ko sallama zan yi a ɗakin da mutum biyar suke sai na maimaita ta sau uku a zuciyata.

To sai ga Yaya Abdurrahim yana son kujerar.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, yana digirinsa na uku a fiƙihu, kuma a gidansa nake zaune tare da matarsa Anti Fauziyya, hawa na biyar, ba na'urar hawa. Shi ya ɗauko ni daga gida, shi ya yi min rajista, shi ya koya min yadda ake tsallaka titin Alƙahira ba tare da an rufe ido ba. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, in ya yi ta a falo har mai gadin gini yana ji a ƙasa. Ranar da zan taho Baba ya faɗa a gaban kowa cewa a Masar Yaya ne ubana, duk wanda ya zo da maganar aure ta wurinsa zai bi, abin da ya gani shi Baba zai gani.

Maza tara ne a majalisa. Kakaki ba ya tsayar da kowa, sauran takwas ɗin kuma duk sun ba Yaya alƙawari. Burinsa ya hau bit-tazkiyya, wato babu abokin hamayya, a tafa kawai a sha shayi.

Sai kuma Harun. Ina rubuta sunan nan ina jin kunnuwana suna zafi.

Harun ɗalibin hadisi ne, dogo siriri, kullum da jakar leda mai zik a hammata cike da fasfo ɗin mutane. Ba shi da muƙami ko ɗaya a ƙungiya, amma shi ke kama wa sababbin zuwa layin iƙama tun da sassafe. A layin nan bara na yar da littafina na balaga, wato darasin fasahar harshen Larabci. Bayan kwana uku ya aiko min da shi ta hannun wata ƙawata, na buɗe na tarar ya yi rubutu da fensir a gefen shafi, wai yana gyara min wani bayani da na rubuta. Kuma shi ne bai yi daidai ba. Ban iya faɗa masa a fuska ba, sai na rubuta masa raddi shafi uku da hujjoji. Amsarsa layi ɗaya ce: “Na sallama, Ustaza. Akwai wani kuskuren da zan iya yi don a sake rubuto min?”

Daga nan ne. Wata takwas ke nan. Ya nemi ya zo ya gaida Yaya gaisuwa ta sosai, Anti Fauziyya ta kai maganar, Yaya ya ce a bari sai bayan an cike kujera, kansa ya yi zafi yanzu. Muna cikin jira sai sababbin ɗalibai kusan ashirin suka yi gayya suka je ƙofar ɗakin Harun suka ce shi suke so. Ya ce musu ba su da ƙuri'a. Suka ce sun sani, amma dai ya tsaya ko don a ji abin da ke damunsu. Ya kasa ce musu a'a.

Kun ga inda matsalar take. Maza takwas suna wurin Yaya. Saura mata biyu, ni da Mardiya, wakiliyar Giza. Harun yana bukatar baki biyu. In na yi shiru, ko na tsayar da Yaya, sunansa ba zai ma shiga takarda ba. In kuma na tsayar da shi, na tsaya gaban mutumin da zai ce wa Baba e ko a'a a kansa, na hana shi tafin da yake jira.

Ranar Alhamis da safe muna karyawa, ful, wato dafaffen waken Masar, da man zaitun da burodinsu na aish mai zafi, ga yajin Umma da muke tattalawa kamar zinare, sai Yaya ya ajiye kofinsa ya ce ya yanke shawara ni ce zan fara miƙewa ranar Asabar. Wai abokansa takwas kowa na so ya yi, amma shi ya fi so a rubuta a tarihin ƙungiya cewa ƙanwarsa ce ta tsayar da shi, wadda ta fi kowa nahawu a majalisar.

“Tashi ki gwada mu ji,” in ji shi.

Na ce Yaya ina cin abinci.

“Ful ba ya gudu. Yalla, miƙe.”

Na miƙe da guntun burodi a hannu na karanto masa jimlar kamar yadda take a kundi: “Urasshihul akha Abdarrahim waaliyan.” Ma'ana na tsayar da ɗan uwa Abdurrahim ya zama Gwamna. Ya lumshe ido kamar wanda ake wa kirari, ya ce tamam, ya yi daidai, sai dai in ɗaga murya, kar a zaci sauro ne ya shigo. Anti Fauziyya ta dube ni ta saman kofinta.

Kafin azahar ga saƙon murya daga Umma, minti huɗu. Ta tambayi sanyi, ta tambayi ko kuka ta ƙare, sannan ta gangaro: ta ji yayana zai zama Gwamna, har ta faɗa wa maƙwabta, kuma ta ji ni ce zan fara sa masa albarka, Allah Ya yi min albarka ni ma. Umma ba ta san ƙungiyar ɗalibai ba ce mai mutum ɗari da 'yan kai. Ko ta sani ma ba ruwanta, ɗanta Gwamna ne.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na tarar da saƙon Harun yana jirana.

“Ustaza, na ji an ce ke za ki buɗe taro.”

“Wa ya faɗa maka?”

“Yayanki. Ya faɗa wa duk wanda ya yi sallar asuba a masallacin unguwarku.”

Na tura masa hoton fuska mai kuka. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigo ukun nan suna rawa, sannan saƙon ya shigo.

“Ki tsayar da shi. Da gaske nake. Layin iƙama ba ya tambayar muƙami, zan ci gaba da kama shi ko da kujera ko babu. Amma ƙofar gidanku guda ɗaya ce, kuma shi ke riƙe da ita.”

Na karanta ya fi sau goma. 'Yan uwa, da ya roƙe ni ne da abin ya zo min da sauƙi, sai in ji haushinsa in huta. Amma mutum ya ce ki bar ni, ina za ki kai wannan?

Mardiya kuwa ba ta san lallashi ba. Harhaɗa magunguna take karanta a Giza, da Turanci, kuma ita da kanta take cewa Larabcinta na cikin motar haya ne. Ta bugo ta ce ita a shirye take ta mara baya, kalma ɗaya ce, ta haddace ta. Amma ba za ta fara miƙewa ta karanto jimla a gaban Ustaz Mahir ya yi mata tiyata a bainar jama'a ba. Ustaz Mahir shi ne Kakakinmu, mutumin da ya taɓa tsayar da direban tasi a tsakiyar gada don ya gyara masa wasali. Ta ce in tuna 'yan matan da suka sauka a watan jiya, su shida, da suka yi awa biyar a filin jirgi ba wanda ya je, sai Harun da ya bar darasi ya tafi da motar haya. Ta ce ita ba ta ce Yaya mugu ba ne, amma yaushe rabon da ya san inda ake kama layi?

Na ce mata zan yi tunani. Ta ce in yi sauri, tunanina ya fiye shafuka.

Ranar Juma'a da yamma ina taya Anti Fauziyya tuƙa tuwon semo, ta ce min ba tare da ta ɗago ba, ita fa ba ta da ƙuri'a, kuma mijinta mijinta ne. Amma shekara shida tana zaune da shi, ta san fushinsa ba ya kai tafasar shayi. Abin da bai iya yafewa da wuri shi ne a yi masa abu a ɓoye. Na ce to ai ni ban ɓoye komai ba. Ta ce, “Ummu, littafin balagar nan kwana nawa za ki yi kina karanta shafi ɗaya kina murmushi?” Na ce tuwon zai kama. Ta ce ya kama ɗin.

Asabar ta zo. Na sa abayata mai ruwan zaitun, na cire, na sa baƙa, na ga kamar zan je ta'aziyya, na koma mai ruwan zaitun. Anti ta ɗaura min mayafi ruwan madara ta soke shi da allurarta mai ɗan dutse, ta fesa min turarenta na Sudan wanda ba ta ba kowa. Yaya ya fito cikin farar shadda da hula zanna, sai ƙamshi yake, yana tambayar Anti ko ya yi kama da Gwamna. Ta ce ya yi kama da ango. Ya ce duk ɗaya ne.

A hanya na yanke shawara. Ina zaune a bayan tuktuk, wato adaidaita-sahunsu, muna ratsa lungunan Arba wa Nus inda ƙungiya ke da ɗan ofishinta, ina kallon ƙeyar Yaya da hularsa da ya karkata, na tuna ranar da ya goya akwatina hawa biyar yana haki yana ce min littattafai na kawo ko duwatsu. Na ce a raina khalas, magana ta ƙare, Yaya zan tsayar. Harun ma ya ce in yi. Zan roƙi Mardiya gafara daga baya.

Ofishin falo ɗaya ne a hawa na biyu, saman wani shagon shayi na 'yan Sudan, ƙamshin citta da gahawa yana hawowa ta taga. An jera kujerun roba goma sha ɗaya a zagaye, 'yan kallo kuma sun cika bayan ɗakin har bakin matakala. Sababbin ɗalibai sun yi layi a jikin bango. Harun yana can ƙarshe kusa da ƙofa, da jakar ledarsa a hammata, bai ko dubi inda nake ba. Yaya yana gaba a kujerar baƙi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ustaz Mahir ya buga gudumar tafarnuwa, ya karanta doka ta tara da ƙira'a kamar mai jan baƙi, ya ce an buɗe ƙofar tsayarwa. Maza takwas suka juyo gaba ɗaya suka dube ni, don duk an gaya musu.

Na miƙe. Na kama bayan kujerar Mardiya. Na dubi ƙasa, na ja numfashi, na saki jimlar da gudu don in rabu da ita:

“Urasshihul akha Abdarrahim waliyyan.”

Na koma na zauna. Na ji shiru. Na zaci shirun girmamawa ne.

Bari in yi wa waɗanda ba su yi Larabci ba bayani. Gwamna shi ne waali, ana jan waa ɗin, akwai alif a ciki. In ka haɗiye alif ɗin ka danne ya, ka ce waliyyi, to ka koma wani wuri dabam. Waliyyi dai kun san shi, shi ne mai ba da aure. Ni Ummukulthum, mai raddi shafi uku, na miƙe a gaban majalisa na tsayar da yayana ya zama mai aurar da ni.

Ustaz Mahir ya cire tabaransa a hankali ya goge da gefen rawaninsa.

“Malama Ummukulthum,” ya ce, “waliyyin wa?”

Wani a baya ya fara, irin dariyar da ake toshewa da hannu ta fito ta hanci. Shi ke nan ɗakin ya ɓarke. Mardiya ta kifa kai a cinyata tana bubbuga ƙafa. Wakilin Hadayek el-Maadi ya zame daga kujerarsa. Har masu shayi na ƙasa sai da ɗayansu ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ni kuwa na ja mayafina na rufe fuska, ina roƙon Allah Ya tsaga benen nan in faɗa cikin tukunyar gahawa.

Ta ƙasan mayafi na saci kallon Yaya. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna girgiza.

Da aka lafa sai gardama ta tashi, kun san ɗaliban fiƙihu. Wakilin Darrasa ya ce niyya ake bi, kowa ya san abin da nake nufi, a rubuta waali a wuce. Wani ya ce a'a, a sha'anin shaida lafazi ake kamawa. Aka fara jawo hujjoji, ana ambaton babin saki da babin rantsuwa, wani har ya buɗe littafi a wayarsa. Ustaz Mahir ya bar su suka yi minti goma, yana jin daɗinsa, sannan ya buga guduma. Ya ce shi Kakaki ne, ba mai duba zukata ba. Abin da kunne ya ji shi alƙalami zai rubuta. An tsayar da ɗan uwa Abdurrahim a muƙamin waliyyi, muƙamin da babu shi a kundi, kuma a iya saninsa ba a ce gurbinsa ya buɗe ba. Saboda haka a kan kujerar Waali wakiliyar Hayyul Ashir ba ta tsayar da kowa ba tukuna, damarta tana nan. Ta sake miƙewa ta faɗa daidai.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Abin da na fi tsoro a duniya shi ne in yi kuskure a gaban mutane su yi min dariya. To ga shi ya faru, mafi muni ma, kuma ban mutu ba. Ina nan zaune, ina numfashi, har ni ma dariyar tana ƙoƙarin kuɓuce min. Na ji wani irin sauƙi kamar na sauke jakar littattafai bayan doguwar tafiya.

Na miƙe ban kama kujerar kowa ba. Na sauke mayafin daga fuskata. Na dubi sababbin ɗaliban da ke jikin bango, na ga 'yan matan nan shida a cikinsu. Sannan na dubi Yaya ido cikin ido, don kar ya zama a ɓoye na yi.

Na ce da Hausa, “Yaya, ka yi haƙuri. Na farkon ma ban janye ba.”

Sannan na juya wurin Kakaki na ce, “Urasshihul akha Haruna waaaliyan.” Na ja alif ɗin nan har sai da numfashina ya kusa ƙarewa.

“Wannan jan ya wuce ƙa'ida,” in ji Ustaz Mahir, “amma ya inganta.”

Mardiya ta yi zumbur ta faɗi kalmarta guda ta mara baya, da ƙarfin da ya sa guduma ta faɗo daga tebur. 'Yan jikin bango suka ɗau tafi. Na waiga ƙofa sau ɗaya kawai. Harun ya rungume jakar fasfo a ƙirji da hannu biyu, bakinsa a buɗe, kamar wanda aka ce masa jirginsa ya tashi ba shi.

Wakilin Darrasa ya miƙe ya tsayar da Yaya, shi ma yana jan alif a tsorace, wani ya mara masa. Kakaki ya rufe ƙofa da 'yan takara biyu, ya ce majalisa za ta kaɗa ƙuri'a Asabar mai zuwa, a asirce. Aka sha shayin da aka tanada don tafi, ba tafin.

Da muka fito Yaya ya yi gaba. Bai tsayar da tuktuk ba, ya kama tafiya a ƙasa, ina binsa a baya da taku uku kamar yadda nake yi ina yarinya in na fasa wani abu. Rana ta yi sanyi, ana ta kiran la'asar daga masallatai. Wayata tana ta girgiza a jaka, ban taɓa ta ba. Duk jarumtar ɗazu ta zube, sai lissafin irin kiran da zai yi wa Baba nake.

A bakin babban titi ya tsaya a shagon masu matse rake, ya ce a ba mu kofi biyu. Ya miƙo min ɗaya. Ya shanye nasa a tsaye, ya goge kumfa daga gashin bakinsa.

“Wata nawa?” ya ce.

Na ce takwas.

Ya ce shi fa ya zaci irin gaisuwar nan ce ta yara masu neman a san da su, shi ya sa ya ce a bari. Da ya san har ta kai ƙanwarsa mai jin kunyar gaida mai gadi za ta miƙe sau biyu a majalisa, da bai ɓata shaddarsa ba. Ya ce tafin da na hana shi bashi ne yana bina, kuma kar in zaci zai janye, zai kayar da yaron nan takwas da biyu ya koya masa siyasa. Na ce to Yaya. Ya ce kuma in ya hau, zai ɗora wa Harun sha'anin sababbin zuwa gaba ɗaya, tunda ya iya tara jama'a a jikin bango.

Sai ya juya kofin a hannunsa, murmushi yana cin gefen bakinsa.

“Amma ɗaya muƙamin,” ya ce, “wannan kam na ci shi bit-tazkiyya. A gaban shaidu sun fi arba'in. Ba wanda ya yi hamayya.”

Na shaƙe da ruwan rake. Ya bubbuga min baya yana dariyarsa mai ƙarfi har mai shagon ya taya shi ba tare da ya san dalili ba. Ya ce tunda an naɗa shi, aiki zai fara yau, ba ya son a ce sabon waliyyi malalaci ne. Ya zaro wayarsa. Na zaci Harun zai kira, na fara cewa Yaya don Allah ba a titi ba. Ya ɗaga min hannu.

Ya yi sallama, ya rusuna kamar ana ganinsa, ya tambayi jiki da gona. Ya ce a'a, kujerar sai mako mai zuwa, an samu abokin takara. Ya saurara. Ya ce ai wadda ta tsayar da abokin takarar ma tana kusa, kuma yana ganin gara a ji daga bakinta, don shi ya bincika yaron tun tuni, bai samu abin faɗa ba sai rama. Sannan ya miƙo min wayar.

Na karɓa da hannu biyu, ɗaya duk danƙon rake. Motoci suna ta hon a bayana.

“Ummu,” in ji Baba, da muryarsa mai sanyi wadda ba a gane fushi ko wasa a cikinta. “Yayanki ya ce yau kin yi jawabi a majalisa.”

Na ce e Baba.

“Ya ce akwai wanda kika tsayar.”

Na dubi Yaya. Ya harɗe hannu ya jingina da bangon shagon, yana ɗaga min gira.

“Ina jinki,” Baba ya ce. “Faɗa min sunansa a hankali. Ga Ummanki nan ta matso, ita ma tana so ta ji.”